FASHIN BAƘI: Idan layi ɗaya ya mutu a amfilifayar jita mai bawul, daga ina ake fara neman cutar?

Saura sa'a biyu a fara wasa, makaɗi ya soka wayar jitarsa a amfilifaya, ya kunna. Jar fitilar gaba ta kama, amma lasifika ta yi gum. Ya zare wayar, ya mayar da ita layi na biyu, sai ga sauti ya fito garau kamar ba abin da ya faru. A irin wannan lokaci ne ake yanke hukuncin da ke jawo asara. Wani zai ce na'urar ta tsufa, a jingine ta a nemi sabuwa. Wani zai ɗauke ta zuwa wurin mai gyara, a ce masa sai an canja dukkan bawul-bawul ɗin da ke ciki, kuɗin da zai iya haura kuɗin wasan da aka gayyace shi. Wani kuma, wanda ya fi kowa shiga haɗari, zai ɗauko sukudireba ya buɗe cikinta da kansa.

Dukkansu sun tsallake wata shaida da ke gabansu. Layin da ke aiki ya riga ya wanke mafi yawan sassan na'urar, kuma masu tsada ne ya wanke. Abin da ya rage ƙarƙashin zargi ɗan yanki ne wanda tsawonsa bai wuce taƙi biyu ba, kuma kusan duk abin da ke cikinsa mai araha ne.

Wace irin na'ura ce wannan?

Siginar da ke fita daga jitar lantarki rarrauna ce ƙwarai, ba ta cika kai bolt ɗaya ba. Aikin amfilifaya shi ne ta ƙarfafa ta har ta iya motsa lasifika. Yawancin na'urorin yau da tiransista suke wannan aiki, wadda aka ƙirƙira a Amurka a 1947. Kafin zuwanta, bawul ne ke yi: wata 'yar kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta, aka sa mata zare mai ɗumama da wasu ƙananan ƙarafa. Dattawan da suka mallaki rediyon da sai an jira ya ɗumama kafin ya yi magana sun san shi. Rediyo da talabijin sun daɗe da rabuwa da bawul, amma makaɗan jita sun ƙi sakinsa, saboda irin kaushin da yake ba sauti idan aka matsa masa.

Misalin da ya fi dacewa a bi shi ne na kamfanin Fender, musamman samfurin Deluxe Reverb mai wat 22 da Twin Reverb mai wat 85, waɗanda aka yi a tsakiyar shekarun 1960, kuma har yanzu kamfanin na sake fitar da su. Wanda ya kafa kamfanin, Leo Fender, ba makaɗi ba ne. Mai gyaran rediyo ne da ya buɗe shagonsa a garin Fullerton na jihar Kalifoniya a 1938, kuma ana ganin tunanin mai gyara a duk abin da ya ƙera. A cikin akwatin akwai takarda manne da ke nuna wurin kowane bawul. Zanen haɗin wayoyinsa a fili yake, ba a ɓoye wa kowa ba. Kowane ƙaramin abu ana iya cire shi a sa wani.

A fuskar waɗannan na'urori akwai layi biyu. An rubuta Normal a kan na farko, Vibrato a kan na biyu. Kowanne yana da mashiga biyu ta soka waya, da maɓallan murɗawa na ƙara da na daidaita amo, da bawul ɗinsa na kansa. Daga nan sai layukan biyu su haɗu su bi hanya ɗaya: bawul mai raba sigina gida biyu, manyan bawul-bawul masu ba da ƙarfi, taransifomar fita, sannan lasifika. Wutar da ke ciyar da su duka daga tushe ɗaya take.

Saboda haka, idan layi ɗaya na fitar da sauti lafiya lau, babu dalilin zargin fis, ko taransifoma, ko manyan bawul-bawul, ko lasifika. Da ɗayansu ne ya lalace, da layukan biyu sun kwanta tare. Duk mai gyaran da ya ga haka ya ce taransifoma ce ta ƙone, ko dai bai san aikin ba, ko kuma aljihun mai kayan yake dubawa.

Abin da ake gwadawa kafin a kwance ko da sukuru ɗaya

Ana fara wa ne daga waje. Wayar jita ita ce ta fi kowane sashe shan wahala: ana taka ta, ana ja, ana naɗe ta a gurguje. Idan waya ɗaya da jita ɗaya sun yi aiki a layi na biyu, to an wanke su. Sai a duba maɓallan layin da ya mutu, domin a nan akwai wani tarko da ke kama har tsofaffin makaɗa. A samfurin da ke da maɓallan amo uku, irin Twin Reverb, idan aka murɗe dukkan ukun zuwa ƙasa, sigina ba ta wucewa sai ɗan abin da ba a rasa ba, ko da an ƙure ƙara. Yaro ya yi wasa da maɓallai, ko sun murɗe a bayan mota, sai a yi zaton layi ya mutu.

Sai mashiga. Ta fi yadda ake ganinta daga waje wuyar sha'ani. A cikinta akwai wani ɗan harshen ƙarfe da ke aiki kamar makunni. Idan babu waya a soke, harshen na rufe hanya, ya sada mashigar da jikin ƙarfen na'urar domin kada ta riƙa kwaso gurnani daga iska. Da zarar an soka waya, sai kan wayar ya ture shi, hanya ta buɗe. Idan ya lanƙwashe har ya daina buɗewa, siginar jita za ta zurare ta jikin ƙarfe, ba ta kai ga bawul ba, sai a ji shiru. Idan kuma datti ko tsatsa ta hana shi rufewa, sai layin ya riƙa gurnani ko da ba a soka komai ba, gurnanin da ke ƙaruwa idan aka murɗa ƙarar wannan layi.

Mashigar biyu na kowane layi a haɗe suke ta rezista biyu masu kilo-om 68. Rezista ɗan abu ne mai rage gudun wuta. An tsara su ta yadda mashiga ta 1 ke ba da cikakkiyar sigina, ta 2 kuma ta ba da rabi, domin jita mai ƙarfin fita. Wannan tsari ya dogara da harsunan mashigar biyu, don haka cutar ɗaya na iya bayyana a ɗayar. Gwajin mai sauƙi ne: a gwada kowacce, a soka waya a zare sau goma ko fiye, a ɗan girgiza ta ana saurare. Idan sauti ya dawo yana yankewa, an gano wurin. Sau da yawa feshin maganin wanke mahaɗar lantarki a kan filogi, a soka a zare, shi ne iyakar gyaran. A kuma duba notin da ke riƙe mashigar a jikin ƙarfe. Idan ya saki, mashigar za ta riƙa juyawa a hankali har ta tsinke wayar da ke bayanta.

A samfuran baya-bayan nan da ake ɗora mashiga kai tsaye a kan allon da aka buga wa hanyoyin wuta, irin Hot Rod Deluxe da ya fito a 1996, masu gyara sun saba ganin dalmar da ke riƙe ƙafafun mashigar ta tsage, saboda duk fizgar da aka yi wa waya a kanta take ƙarewa. Tsagewar ba ta kai kaurin gashi ba. Gyaranta narka dalma ne a sake liƙewa.

Musayar bawul

Idan mashiga ta fita daga zargi, sai a juya na'urar. Wanda ya tsaya a bayanta zai ga bawul-bawul a jere, kawunansu a ƙasa, ƙananan suna cikin murafun ƙarfe. Na farko daga hannun dama shi ne na layin Normal, mai bi masa na layin Vibrato. Iri ɗaya ne, wato 12AX7, wanda Turawan Turai ke kira ECC83, a tsofaffin takardun Fender kuma ake rubuta 7025. Kamfanin RCA ne ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1940. Ƙafafu tara gare shi, kuma a cikin kwalba ɗaya akwai matakan ƙarfafa sigina guda biyu. A waɗannan na'urori sigina na bi ta matakin farko, ta ratsa maɓallan amo da na ƙara, sannan ta koma mataki na biyu. Rabi ɗaya kawai ya mutu, layin gaba ɗaya ya yi shiru, alhali wanda ya leƙa zai iya ganin ɗan jan haske a ɗaya rabin ya ɗauka lafiya ƙalau.

Tun da iri ɗaya ne, ba sai an sayi komai ba kafin a gwada. A kashe na'urar, a zare ta daga soket, a bari ta huce. A cire bawul na farko da na biyu a hankali, ana ɗan jujjuya su kaɗan, a musanya musu wuri, ana lura da giɓin da ke tsakanin ƙafafun domin ta fuska ɗaya kawai suke shiga. Sai a kunna. Idan cutar ta tashi daga layin farko ta koma na biyu, bawul ne. Idan ta zauna inda take, bawul ɗin ba shi da laifi. Akwai kuma sakamako na uku da ke yawan faruwa: layukan biyu su dawo aiki. Ma'anarsa ita ce tsatsa ce ta hau ƙafafun ko ramukan mazaunin bawul, cirewa da mayarwa ya goge ta.

Ido ma na taimakawa. A saman kowane bawul mai lafiya akwai wani tabo mai sheƙi kamar madubi. Idan ya koma fari kamar alli, iska ta shiga kwalbar, ba ta da sauran amfani. Idan kuma matsalar layin ƙuwwa ce ko fito, a ɗan ƙwanƙwasa bawul ɗin da gindin fensir ana saurare. Ɗan amo kaɗan ba laifi ba ne, amma wanda ya amsa da ƙara kamar ƙararrawa ya saki daga ciki.

Layin Vibrato ya fi ɗan'uwansa doguwar hanya. Bayan bawul na biyu, siginarsa na ratsa rabin bawul na huɗu, inda ake gauraya ta da amsa-kuwwar da na'urar ke samarwa. Idan shi ne ya mutu kuma musayar farko ba ta nuna komai ba, sai a gwada na huɗun, shi ma 12AX7 ne. Na uku da na shida kuwa 12AT7 ne. Suna shiga rami ɗaya, amma aikinsu da ƙarfinsu daban, bai kamata a bar su a wurin juna ba.

Wannan gwaji na minti biyar yana da nauyi a aljihu fiye da yadda yake da shi shekaru goma da suka wuce. Masana'antun da ke ƙera irin wannan bawul da yawa a duniya 'yan ƙalilan ne. Akwai ta birnin Saratov a Rasha, mallakar kamfanin Ba'amurke Mike Matthews, wadda ke fitar da bawul da sunaye irin su Sovtek da Electro-Harmonix da Tung-Sol. Akwai JJ Electronic a Sulobakiya. Babbar masana'antar Shuguang ta ƙasar Sin ta dakatar da aiki a 2019. Da yaƙin Yukiren ya ɓarke, Rasha ta sanar a watan Maris na 2022 da hana fitar da kayayyaki sama da 200 a matsayin martani ga takunkuman da aka ƙaƙaba mata, kuma matakin ya shafi bawul. Shaguna a Amurka da Turai suka ƙare kaya cikin 'yan kwanaki, farashi ya tashi. Daga baya fitar da kayan ta ci gaba, amma ga wanda zai saya da naira ko sefa, ta hannun ɗan kasuwar da shi ma da dala ya sayo, canja bawul tara ko goma saboda guda ɗaya ya lalace ɓarna ce tsagwaronta. Ƙananan bawul-bawul ma kan yi shekaru masu yawa suna aiki, sun fi manyan daɗewa nesa ba kusa ba.

Iyakar da mai kaya ya kamata ya tsaya

Duk abin da aka ambata zuwa nan ana yin sa ba tare da an fito da akwatin ƙarfen da ke ɗauke da wayoyin ba. Abin da ya wuce wannan aikin wanda ya koyi sana'ar ne. A cikin Deluxe Reverb akwai wuta mai ƙarfin sama da bolt 400, a Twin Reverb ta haura 450. Kusan ninki biyu ke nan na wutar soket ɗin gida a Najeriya da Nijar. Zare waya daga bango bai isa ba, domin akwai manyan kafasita, wato ma'ajin wuta, da ke iya riƙe caji bayan an kashe. Mai gyara na gaskiya yana fara sauke cajin ta rezista, ya auna da mita ya tabbatar, kuma idan zai auna wuta na'urar na kunne, da hannu ɗaya yake aiki, ɗayan a aljihu, don kada wuta ta bi ta ƙirjinsa. Ba ya kunna ta babu lasifika a haɗe, domin hakan na iya ƙona taransifomar fita, wadda da ma lafiyarta lau.

Sanin abin da zai yi a ciki yana da amfani ga mai kaya, ko don ya iya tambaya. Zai fara da ido: rezista da ta ƙone, waya da ta tsinke, dalma da ta dushe. Sai ya ɗauki ɗan tsinken itace busasshe ya riƙa taɓa sassan layin ɗaya bayan ɗaya, yana jiran wanda zai amsa da ƙara. Daga nan sai mita. A nan ma layin da ke aiki ne ma'auni, domin matakan farko na layukan biyu kusan tagwaye ne. Duk adadin da aka samu a ƙafar bawul na farko, ya kamata a samu makamancinsa a ƙafar bawul na biyu.

Ƙafa ta 1 da ta 6 su ne ke karɓar babbar wuta, kowacce ta hanyar rezista mai kilo-om 100. A na'ura mai lafiya akan samu tsakanin bolt 150 zuwa 280 a wurin, gwargwadon samfuri. Ƙafa ta 3 da ta 8 kuwa bolt ɗaya zuwa biyu kawai suke nunawa. Idan ƙafa ta 1 ta nuna sifili, rezistar da ke kawo mata wuta ta yanke ko dalmarta ta saki. Idan ta nuna wuta mai yawa fiye da ƙima, daidai da ta tushen da ke ciyar da ita, to bawul ɗin ba ya jan komai: ko zaren ɗumamarsa bai samu bolt 6.3 ɗinsa ba, ko ramin mazaunin ya buɗe ya daina riƙe ƙafa, ko rezistar ƙafa ta 3 ta yanke. Lamba biyu sun isa su nuna wurin.

Kunne ma yana da nasa karatun. Ƙara mai kama da suyar ƙosai a cikin mai, wadda ke zuwa tana tafiya, yawanci daga rezistar nan mai kilo-om 100 take, domin tsofaffin da aka yi da garin gawayi suna canjawa da zafi da tsufa. Ƙarar karce idan ana murɗa maɓalli na iya zama ƙura, amma idan an wanke ba ta tafi ba, to wata ƙaramar kafasita ce ke yoyon wuta zuwa inda bai kamata ta je ba. Sauti siriri marar ƙarfi kan nuna kafasitar da ke gefen rezistar ƙafa ta 3 ta bushe. Akwai wuri ɗaya da layukan biyu ke tarayya tun kafin su haɗu: matakai na biyu na bawul na farko da na biyu suna amfani da rezista ɗaya mai om 820. Wannan ne dalilin da ya sa wasu makaɗan da ba sa amfani da layin Normal ke cire bawul ɗinsa da gangan, domin hakan na ƙara wa layin Vibrato ɗan ƙarfi. Mai gyaran da bai san wannan ba zai iya ruɗewa idan ya auna da bawul ɗaya a cire.

Yanayin wuri yana ƙara nasa. Fender na da yana haɗa sassan ne a kan wani baƙin allo mai kama da kwali, wanda kan sha danshi idan ya tsufa, har ya fara wuce da wuta tsakanin mahaɗai. A garuruwa masu laima da damina, ana iya samun layin da ke ƙara da safe ya yi shiru bayan ya ɗumama. A yankin Sahel kuwa, inda jitar lantarki ta samu gida tun daga Tinariwen na Mali har zuwa Bombino da Mdou Moctar na Nijar, abokiyar gabar ita ce ƙurar hunturu, wadda ke cika mashiga da maɓallai, sai girgizar doguwar tafiya a mota da ke sassauta noti da bawul, sai kuma wutar janareta mai hawa da sauka. Layin da ba a amfani da shi ne ma ya fi saurin kamuwa, domin babu filogin da ke shiga yana goge masa tsatsa.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a roƙi mai gyara ya duba muddin an riga an buɗe na'urar, ko da ba shi da alaƙa da layin da ya mutu. Tsofaffin da aka ƙera don kasuwar Amurka na bolt 120 ne, sai da taransifomar rage wuta ake kunna su a nan, kuma da yawansu sun zo da filogi mai baki biyu, babu na ukun da ke sada jikin ƙarfe da ƙasa. A cikinsu akwai wata kafasita tsakanin wutar gida da jikin ƙarfen. Idan ta lalace, wutar soket na iya hawa jikin na'urar, ta bi wayar jita, ta kai ga tsirkiyar da ke ƙarƙashin yatsun makaɗi. Irin wannan rashin sadawa da ƙasa ne ya kashe Keith Relf, tsohon mawaƙin ƙungiyar Yardbirds ta Ingila, a gidansa a 1976, yana riƙe da jita. Gyaran shi ne a cire kafasitar, a sa waya mai baki uku, a ɗaure ta ukun a jikin ƙarfe da noti, sannan a tabbatar cewa soket ɗin da za a kunna ta shi ma an sada shi da ƙasa, abin da ba kowane ɗakin taro ko gidan biki ke da shi ba.